Falle shida a hagu, bakwai a dama

A farkon watan Afrilu, bayan ƙanƙara ta gama narkewa a Detroit, wata mata mai shekara hamsin da ɗoriya ta yaye tamfol daga kan motar mahaifinta, ta durƙusa da tef ɗin awo a hannu. Aikinta haɗa magunguna a wani asibiti, don haka awo ba baƙonta ba ne. Ta auna daga daɓen gareji zuwa leɓen bodi a saman tayar baya ta hagu, ta zaga ta auna ta dama, ta sake maimaitawa har sau uku. Hagu ta fi dama yin ƙasa da inci ɗaya da rabi. Ko ba a auna ba ma ido ya isa shaida: motar ta zauna a karkace kamar jakin da mangalarsa ta zame.

Motar Dodge Charger R/T ce ƙirar 1968, irin wadda Amurkawa ke kira mota mai ƙwanji, watau matsakaicin bodi da aka cusa wa injin da ya fi ƙarfinsa. Injinta na lita 7.2 ne, mai ƙarfin doki 375. Wanda ya kalli fim ɗin Bullitt na wannan shekarar ya ga irinta baƙa wuluk, tana tsere da Mustang ɗin Steve McQueen a gangaren titunan San Francisco. Mahaifin matar bai san ta a fim ba, a bakin aiki ya san ta. Ya baro Alabama yana saurayi, ya sami aiki a masana'antar Dodge Main da ke Hamtramck, inda ake harhaɗa irin waɗannan motoci, kuma yana wurin a watan Mayun 1968 lokacin da ma'aikata suka ajiye aiki ba da izinin ƙungiyarsu ba, saboda an ƙara wa layin harhaɗawa gudu. Sabuwar Charger R/T a lokacin ta kai kusan dala 3,500, ba kuɗin mai iyali a layin masana'anta ba ne. Sai a 1974, bayan ƙasashen Larabawa sun hana Amurka mai a watan Oktoban 1973, layukan gidajen mai suka yi tsawo, masu manyan injuna suka shiga neman kai da su, sannan ya sami wannan a hannun wani da araha. An rufe masana'antar a Janairun 1980, aka rushe ta a 1981. Motar ce ta rage masa.

Yanzu ya haura saba'in da biyar, kuma shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa hannun dama da yawancin maganarsa. Kuɗin mai kula da shi a gida yana cin ajiyar iyali wata bayan wata. Ƙanin matar, wanda ke zaune a wata jiha, ya ce a sayar da motar, kuma ba za a ce ya yi rashin hankali ba, domin irinta tana kawo kuɗin da zai riƙe tsohon shekaru. Suka yi yarjejeniya: za a jira har Asabar ta uku ta watan Agusta, ranar da tun 1995 masu tsofaffin motoci ke yin jerin gwano a titin Woodward, a ɗauki Baba a cikinta sau ɗaya, sannan a yi maganar ciniki. Ƙanin ya gindaya sharaɗi guda. Kada a canza komai na asali, domin masu sayen irin waɗannan motoci suna leƙa ƙarƙashi da tocila, suna duba lambobin da aka buga a jikin ƙarafa, kuma kowane ƙarfe na kamfani da aka cire ragi ne a farashi. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji shi.

Abin da ya sa motar ta zauna kuwa shi ne sifirin. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da gingimari ya san shi: fallayen ƙarfe da aka jera bisa juna, dogo a sama, gajeru a ƙasa, an tanƙwara su kamar baka. Fasahar ta girmi mota nesa ba kusa ba, tun 1804 wani maƙerin karusai a Landan mai suna Obadiah Elliott ya yi rajistar irin nasa. Abin da ya raya ta har zamanin injin mai ƙarfin doki ɗaruruwa shi ne cewa ƙarfe ɗaya yana aikin uku. Yana ɗaukar nauyin mota. Yana riƙe gatarin baya, wato sandar da tayoyin baya ke maƙale da ita, kada ya matsa gaba, baya ko gefe. Sannan duk ƙarfin da taya ta tura ƙasa da shi, ta cikin sifirin yake bi ya isa bodi. A motocin da ke da sifirin na naɗi a baya, kamar Pontiac GTO ta 1964, an raba waɗannan ayyuka tsakanin sifirin da wasu hannuwan ƙarfe huɗu. A Charger babu wannan rabo. Idan babban falle ya karye a gaban gatari, tayar wannan gefe za ta ja da baya, motar ta fara juyawa daga gindi ba tare da an taɓa sitiyari ba.

Akwai wani abu da mutane ke kuskure a kai, har da wasu makanikai. Sukan ce tsohon sifirin ya yi laushi. Ƙarfe ba ya laushi don tsufa. Ƙarfin da ake buƙata a lanƙwasa shi inci ɗaya kusan yana nan yadda yake ranar da aka ƙera shi. Abin da yake rasawa shi ne siffa. Shekara hamsin na nauyi, da ramuka, da lodin da ya wuce kima, suna miƙar da bakan kaɗan-kaɗan har ya daina komawa inda ya taso. Ga kuma tsatsa. Jihar Michigan tana watsa gishiri a tituna duk hunturu don narkar da ƙanƙara (a ƙarƙashin birnin Detroit kansa akwai mahaƙar gishiri mai zurfin fiye da ƙafa dubu), kuma ruwan gishirin yana shiga tsakanin fallaye ya kwanta, ya ci ƙarfe, ya bar ƙananan ramuka. Daga irin waɗannan ramuka tsagewa ke farawa.

Fitar da su ya ci mata ƙarshen mako biyu. Ta ɗaga motar da jak, ta kafa mata ƙafafun ƙarfe a ƙarƙashin shasi, ta tallafi gatarin daban don kada ya faɗo ya tsinka robar birki. Notunan ƙarafan ɗauri masu siffar harafin U, waɗanda ke matse gatari da sifirin, biyu sun kwance, sauran sai da ta yanke. Ƙusar da ta ratsa idon sifirin na gaba ta haɗe da bututun bushi ta zama abu ɗaya, ba mai ko guduma da ya motsa ta. Sa'arta ɗaya, Chrysler ya ɗaura mazaunin gaba da noti huɗu a jikin mota, don haka ta kwance mazaunin gaba ɗaya ta fito da shi tare da sifirin. Duk wannan lokaci tsohon yana zaune a kekensa a bakin gareji, bargo a cinyarsa, yana kallo.

Da ta shimfiɗa su biyun a ƙasa ta ƙirga, sai gabanta ya faɗi. Na hagu falle shida ne. Na dama biyar ne cikakku, da wasu guntaye biyu da suka tsaya a rabi. Ta ɗauka wani ya taɓa canza ɗaya da na wata mota, wanda ke nufin ko maganar asalin ma ta rushe. Ta juya ta ce, “Baba, wannan ba nata ba ne. An yi mata kwaskwarima a wani wuri.”

Tsohon ya girgiza kai. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna na dama, ya daɗe yana neman kalmar, sannan ya ce, “Haka yake. Dama ta fi.”

Gaskiyarsa ce, kuma dalilin yana cikin abin da ya bambanta motocin Chrysler na wancan zamani da na sauran. Idan direba ya taka totur, tayoyi suna juyawa gaba, kwanson gatarin kuma yana ƙoƙarin juyawa baya. Wannan murɗa takan lanƙwasa rabin sifirin na gaba ya yi siffar harafin S, sai ya saki da ƙarfi, ya sake lanƙwashewa, taya ta dinga tsalle a kan kwalta tana dukan ƙasa. Chevrolet Camaro ta 1967, da ta fito da falle ɗaya tilo a kowane gefe, ta yi suna da wannan cuta, har a 1968 aka sauya wa shokazobanta mazauni, ɗaya a gaban gatari ɗaya a baya, aka kuma ba masu manyan injuna fallaye da yawa. Injiniyoyin Chrysler sun bi wata hanya. Ba su ɗaura gatari a tsakiyar sifirin ba, sun matso da shi gaba. Sashen gaba ya zama gajere mai tauri, yana aiki kamar hannun ƙarfe, ba ya yarda ya murɗe. Sashen baya ya zama dogo mai sassauci, shi ke shanye ramuka. Sannan akwai murɗa ta biyu, wadda farfela ke kawowa: tana danna tayar hagu ƙasa, tana ɗage ta dama, shi ya sa a mota mai ƙarfi tayar dama ce ke fara sulɓi. Guntayen fallaye biyun nan an ƙara su ne don su mayar wa tayar dama abin da farfela ta ƙwace mata. Rashin daidaiton da matar ta ɗauka aibi ne, shi ne shaidar cewa ba a taɓa su ba.

Murna ba ta daɗe ba. Ta matse na hagu da maɗauri biyu kafin ta kwance ƙusar tsakiya, domin fallayen suna ɗaure ne da ƙarfi, in aka sake su kai tsaye sukan yi tsalle su karya yatsa. Ta sassauta a hankali, suka rabu. Falle na biyu ya fito gida biyu, ya karye daidai ramin ƙusar tsakiya, kuma bakin karayar ya yi baƙi da tsatsa, alamar ta daɗe. Ta goge babban fallen da burushin ƙarfe, ta haska tocila, ta ga wani siririn layi kamar gashi yana fita daga ramin zuwa gefe. Sifirin ba ya karyewa a nan sai in ƙarafan ɗauri sun yi sako-sako, domin tsakiyar tana da rami, ba a yi ta don ta lanƙwashe ba, matsewa ce kaɗai ke kare ta. Ta kai wa tsohon guntun, ya juya shi a hannu, ya shafa bakin da babban yatsa. Ya ce, “Ni ne.” Daga baya ta fahimci abin da yake nufi: wani lokaci bayan an rufe masana'anta, da kuɗi suka yi wuya, ya sauke gatarin don wani gyara, ya mayar da tsofaffin ƙarafan ɗauri maimakon ya sayi sababbi. Ƙarfen ɗauri yana miƙewa a ɗaurin farko, zarensa yana lalacewa, kuma a karo na biyu sifana tana nuna ya ɗauru alhali bai kama ba.

Daga nan hanyoyi uku ne a gabanta, kuma ta bi kowace har ƙarshe kafin ta zaɓa. Ta farko ita ce a mayar wa fallayen bakansu a sanye, da injin matsa ko da guduma a kan uwar maƙera. Wani shago a wajen gari ya ce zai yi mata haka a yini ɗaya, ya musanya fallen da ya karye, ya yi wa tsagewar walda. Wannan hanya tana da araha, kuma motar takan tashi tsaye ranar da aka ɗaura, amma ƙarfen da aka tanƙwara a sanye yakan koma gidan jiya, wani lokaci cikin shekara ɗaya ko biyu. Walda kuwa a jikin sifirin ganganci ce, domin zafinta yana ɓata taurin ƙarfen da ke kewaye da ɗinkin, karaya ta gaba kuma a gefensa za ta fito. Ta yi wa mai shagon godiya ta kwashe kayanta.

Hanya ta biyu ita ce ta wuta, kuma aiki ne na gaske. Ƙarfen da aka fi yin sifirin da shi a Amurka shi ne mai lamba 5160, mai kabon kusan kashi 0.6 cikin ɗari da ɗan sinadarin kuromiyom. Ana gasa falle har ya wuce digiri 800, a tanƙwara shi bisa ma'auni, a tsoma shi cikin mai ya yi tauri, a sake ɗumama shi a wajen rabin wancan zafi don ya daina gautsi, sannan a yi masa ruwan ƙananan ƙwallayen ƙarfe, waɗanda ke danne fatarsa ta yadda tsagewa ba ta samun wurin farawa. Maƙeran ƙasar Hausa sun san darajar wannan ƙarfe ba tare da sun san lambarsa ba. Shi ya sa karyayyen sifirin na lori ba ya kwana a bola, sai a gan shi ya zama adda ko wuƙar fawa. Wuta tana mayar da siffa da tauri. Ba ta cike ramukan da tsatsa ta haƙa, ba ta kuma haɗe tsagewa. Na dama zai iya shiga wuta ya fito lafiya. Na hagu sai an yi masa sabon babban falle da sabon na biyu, kuma sifirin da aka canza wa manyan fallayensa biyu, sunan asali kawai ya rage masa.

Hanya ta uku ita ce sababbi. A nan ma akwai tarko, domin kasuwa cike take da sifirin da ake cewa yana shiga kowace mota, gefe biyu iri ɗaya, wanda zai shiga ɗin amma ya zubar da dukkan dabarar da aka yi bayani a sama. Sai dai a Detroit har yanzu akwai kamfanin Eaton Detroit Spring, wanda ke aiki tun 1937, yana kuma riƙe da dubban zanen asali na kamfanonin mota, ta yadda ana iya ƙera sifirin bisa tsawon, kauri da bakan da aka tsara wa wannan mota a 1968. Sabon ƙarfe bisa tsohon zane ya fi kusa da abin da ya fito daga Hamtramck fiye da tsohon ƙarfen da ya rasa siffarsa, ko da yake mai saye da tocila ba lallai ya yarda da haka ba.

Ta kira ƙaninta ta aika masa hoton tsagewar. Ya ce tafiyar ai ba ta wuce mil ashirin ba, a hankali kuma za a yi ta, a mayar da su yadda suke, mai saye ya san yadda zai yi. Ta ce fallen ya riga ya tsage rabi, kuma mutumin da za a ɗauka ba ya iya dafa komai da hannun dama in mota ta kauce. Suka yi shiru a waya. A ƙarshe suka tsaya a kan cewa za a sa sababbi, tsofaffin kuma a goge su, a shafa musu mai, a naɗe, su bi motar duk inda ta je. Ko wannan zai rage farashi, da nawa, babu wanda ya ba ta amsa ɗaya cikin waɗanda ta tambaya, kuma ƙanin bai ɓoye cewa bai ji daɗi ba.

Sababbin sun iso a watan Yuni, an rubuta wa kowanne gefensa. Ɗaurawa ta fi cirewa sauƙi: idon gaba tukuna, sannan lilon baya, wato 'yan ƙarafa biyun da ke barin sifirin ya miƙe ya dawo yayin da yake lanƙwashewa, sannan a saukar da gatari har kan ƙusar tsakiya ya faɗa cikin raminsa. Sababbin bushi, sababbin ƙarafan ɗauri, kowane noti a ɗaure shi kaɗan a koma na kishiyarsa. Da ta gama ta ɗauko sifana mai awo za ta ƙarasa ɗaure ƙusoshin bushi, motar tana rataye a sama, sai ta ji ana buga sanda a ƙafar keke. Tsohon yana nuna ƙasa da tafin hannu. Ta ce, “Baba, me ya faru?” Ya ce, “Sauke. Sannan.”

Robar bushi ba ta juyawa a kan ƙusa, murɗewa take yi. In aka ɗaure ta mota na rataye, da zarar an sauke ta robar ta riga ta murɗe tun kafin a motsa, sai motar ta tsaya sama da ƙima, robar kuma ta yage cikin watanni. Ta sauke motar kan tayoyinta, ta danna but sau da yawa har ta zauna, ta shiga ƙarƙashi a kwance, inda da ƙyar sifana ke juyawa, ta ɗaure a can. Ta ɗauko tef. Bambancin hagu da dama bai kai rubu'in inci ba, kuma dama ce ta ɗan fi tsayi.

Ran Asabar ta uku ta Agusta ƙanin ya zo, su biyu suka ɗaga tsohon suka zaunar da shi a kujerar gaba, suka cusa matashi a gefensa na dama. Titin Woodward ya cika maƙil, tafiyar ba ta wuce ta mai keke ba, injin yana zafi, tana kallon allurar ruwa fiye da yadda take kallon hanya. Sai a kan hanyar dawowa, a wata danja da babu kowa a gabansu, tsohon ya taɓa gwiwarta ya nuna gaba da haɓa. Da wuta ta ba da hannu ta taka rabin totur. Motar ba ta zauna da gindi ba, ba ta yi tsalle ba, ta miƙe ta tafi, ƙanin a kujerar baya ya kama madafa.

Washegari da safe, kafin ta tafi asibiti, ta sake shiga ƙarƙashi da sifana, domin sababbin fallaye sukan zauna cikin juna bayan tafiyar farko, ƙarafan ɗauri su saki. Noti uku cikin takwas sun karɓi kusan rubu'in juyi. Wani mai saye zai zo daga Ohio a watan Satumba. Tsofaffin sifirin suna jingine a bangon gareji cikin tsohon bargo, ban da rabin fallen da ya karye, wanda tsohon ya sa aka ajiye masa a kan teburin da ke gefen gadonsa.